"Ai ni ba marubuci ba ne": yadda za ka kwance igiyar da ka ɗaure kanka da ita, mataki-mataki

Akwai mutane da yawa a garin nan namu na Bauchi, daga Jahun zuwa Fadamar Mada har ɗakunan ɗalibai na Gwallameji, da suke yawo da littafi guda a cikin kansu shekara da shekaru, amma ko shafi ɗaya bai sauko kan takarda ba. Labari kam suna da shi, in suka fara ba ka a baki bayan la'asar sai dai kiran magariba ya raba ku. Amma ka ce musu "to ka rubuta mana" yanzu za ka ji an fara: ai ni Hausata ba mai kyau ba ce, ai ban yi jami'a ba, ai rubutu baiwa ce, bari dai in sayi laftof tukuna, in Baba ya gani fa, wa ma zai karanta.

Ni dai a ganina waɗannan maganganun ba a korarsu da kalaman ƙarfafa gwiwa. Ka kwana kana kallon bidiyon masu cewa "za ka iya" har datarka ta ƙare, da safe za ka tarar da su suna nan daram inda ka bar su. Abin da ke karya su shaida ce, wato wani aiki da ka fara kuma ka gama da hannunka, wanda in zuciya ta ce maka ba ka iya ba sai ka ɗauko ka nuna mata. Duk matakan da ke ƙasa hanyar tara wannan shaidar ce. Kuma in na ce "ka" har da ke nake 'yar'uwa, wasu wuraren ma ke ce kan gaba.

Mataki na farko: ka kama maganar da bakinta

Ɗauki biro da takarda, ba waya ba, don a waya yanzu wani saƙo zai shigo ya ɗauke ka. Rubuta a sama: "Ba zan iya zama marubuci ba saboda..." sai ka cike, ka sake cikewa, har layi goma. Uku na farko yawanci na fita kunya ne, ba lokaci, ba wuta, ba kayan aiki. Daga na biyar zuwa ƙasa ne gaskiyar ke fara leƙowa, irin su "ina tsoron a gane ni ba wani mai ilimi ba ne" ko "ina tsoron in rubuta ya fito ba daɗi, gara in ci gaba da tunanin da na rubuta da ya yi daɗi". Wannan ta ƙarshen ta fi kowacce yawa, kuma ita ce mutane ba sa son faɗa.

Sannan a gefen kowane layi ka rubuta wa ya fara gaya maka haka. Za ka sha mamaki, yawancinsu ba naka ba ne. Wata muryar malamin da ya karanta insha'inka a gaban aji aka yi dariya ce, wata ta yayanka ce da ya ce "kai ma dai da neman suna", wata ta wani ce da ko fuskarsa ba ka sani ba ya yi maka kwament ɗaya a Facebook ya wuce abinsa, ƙila ma shi ya manta. Sai ka tambayi kanka, shi wannan ɗin littafi nawa ya rubuta, nawa ya gyara? In malaminka ne na sakandare, ai yaro ɗan shekara 14 ya yi wa hukunci, ba kai na yau ba.

Mataki na biyu: ka raba su gida biyu, aiki da hukunci

Kar ka ce duk ƙarya ne, don wasu gaskiya ne. "Ban san ƙa'idojin rubutun Hausa ba" ƙila gaskiya ce tsagwaronta. Ga yadda za ka gane: duk maganar da za ka iya faɗin abin da za ka yi ranar Asabar mai zuwa don rage ta, to wannan aiki ce, ka sa ta a jerin ayyuka. Wadda kuwa ba ta da abin yi, irin "ni ba ni da baiwa", wannan hukunci ce, kuma hukunci sai an farfasa shi. Ka matsa wa kanka, ba ni da baiwar me takamaimai? Sai ka ga ta koma "in mutanen labarina suna hira ba ta yin kama da hirar gaske", ko "ina farawa da zafi in na kai tsakiya sai in rasa inda zan nufa". To ka ga waɗannan kowanne da maganinsa. Na hira, ka zauna a majalisa ko a tashar mota ka saurari yadda mutane ke katse juna da yadda ba sa amsa abin da aka tambaye su kai tsaye. Na tsakiyar labari, ka san ƙarshen kafin ka fara, ko da a layi ɗaya ne.

Zancen baiwa kuwa ban musa ba, Allah Ya fifita wasu. Amma ba yadda za a yi ka san rabonka a ciki alhali ko labari biyar ba ka gama ba.

Mataki na uku: zancen "Hausata ba ta Kano ba ce"

Nan zan ɗan daɗe, don wannan ita ce cutar da ta fi damun mu 'yan Bauchi da Gombe. An saba tsokanarmu cewa muna cewa "motan nan" da "rigana", ba ma bambance mace da namiji a magana, ɗan Azare kuma a ce masa Guddiranci yake yi. Wani kuma Bafillace ne daga Dukku ko Bajare ko Batangale ko Basayi, Hausa a waje ya koye ta, sai ya riƙa jin kamar baƙo ne a cikinta, ba shi da hurumin rubuta littafi da ita.

Abu biyu ake cakuɗawa a nan. Akwai karin harshe, akwai kuma ƙa'idar rubutu. Gaskiya ne daidaitacciyar Hausa ta fi kusa da Kananci, amma shi ma Bakanon in bai koyi ƙa'ida ba kwaɓa ta yake yi, je ka duba rubutun mutane a intanet ka gani. Basakkwace da Bakatsine da Bazazzagi kowa da nasa karin, kuma ba wanda ya fasa rubutu saboda haka. Ƙa'idojin da suka fi kayar da mutane ba su da wani yawa, a mako biyu za ka iya kama su:

A raba "za ka", "ya zo", "ba na", "shi ne", ba "zaka" da "yazo" da "bana" da "shine" ba. A haɗa gajeruwar mallaka, "gidansa", "motarta", amma a raba doguwa, "gida nasa". A sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ, kuma wannan ba sai da kwamfuta ba, ka shiga saitin Gboard, wato allon haruffan wayarka, ka ƙara Hausa cikin harsuna, haruffan za su fito. Sai zancen jinsi, wanda shi ne namu na musamman: in ka gama rubutu ka bi shi sau ɗaya ba ka neman komai sai kalmomin da suka ƙare da "a", ka duba ko "-r" suke so ko "-n", ko "ce" ko "ne". Mafi yawan sunaye masu ƙarewa da "a" mata ne, amma akwai irin su gida da ruwa da suna da nama da ba haka ba, a hankali kunnenka zai saba.

Ga kuma abin da ba a cika gaya mana ba. Muryar mai ba da labari ce kawai take buƙatar daidaitacciyar Hausa, mutanen cikin labarin ka bar su su yi maganarsu ta gida. In tsohuwa 'yar Misau tana faɗa a labarinka, ka bar ta ta yi da bakinta na Misau, in ɗan acaɓa ne a Wunti ya yi irin ta Wunti. Mai karatu ya gaji da labaran da duk a Nasarawa GRA ta Kano ko Maitama suke faruwa, kowa da jibgegiyar mota. Kai ka san kasuwar Muda Lawal ranar da kayan gwari suka sauka, ka san hanyar Dass da damina, ka san yadda ake cinikin shanu, wannan wani ba zai iya rubuta shi daga nesa ba.

In kuma kana jin garinmu ba na marubuta ba ne, to ka leƙa tarihi kaɗan. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, lokacin ma masu ilimi da yawa suna ganin ƙaga labari aikin tatsuniya ne na mata da yara. Cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar akwai Shaihu Umar, kuma wanda ya rubuta shi wani matashin malamin makaranta ne ɗan Bauchi, an haife shi a 1912, ka ga shekarunsa wajen 21 ke nan. Abubakar Tafawa Ɓalewa ke nan, tun ba a san zai zama Firayim Minista ba, kabarinsa na nan cikin gari muna wuce shi kullum a Keke. Ga Malam Sa'adu Zungur da har yau ake nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i. Ta ɓangaren Turanci ga Helon Habila, haifaffen Kaltungo, ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Bauchi kafin ya tafi Legas, kuma labarin da ya ci masa kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2001 daga cikin littafin da ya buga da kansa ya fito. Wanda kuma Hausa ba harshen gidansu ba ce ya tuna Nana Asma'u 'yar Shehu da Fillanci da Larabci da Hausa duk ta yi waƙa.

Mataki na huɗu: kayan aiki, a taƙaice

Wayar hannunka ta isa. Marubutan onlayin da yawa da babban yatsa suke rubuta littafi sukutum. Ka buɗe Google Docs ko WPS ko ma Keep, suna aiki ba data, in ka samu data sai su adana. Kar ka bar rubutu a waya kaɗai, duk ƙarshen mako ka tura wa kanka ta imel, don waya tana faɗawa ruwa kuma ana ƙwace ta. In an ɗauke wuta caji ya mutu, littafin rubutu mai 60 ko 80 yana nan. In tunani ya zo kana kan mashin ko kina tsakar tuƙa tuwo, a yi rikodin murya na minti ɗaya a rubuta daga baya. Shi ke nan zancen laftof ya mutu.

Mataki na biyar: ka ba kanka izinin rubuta shirme

Wannan shi ne zuciyar maganar. Yawancin masu cewa ba su iya ba, abin da suke yi shi ne su rubuta layi ɗaya su karanta su goge, su sake su goge, bayan awa guda shafi fari fat sai su ce "ka gani ko, na faɗa". Aiki biyu suke son yi a lokaci ɗaya, rubutu da gyara, kuma ba sa haɗuwa. Ka duba yaron tela, ai ba a fara ba shi shaddar Alhaji, takardar buhun siminti ake ba shi ya yi ta bi da keke, layin ya karkace ya sake, ba wanda zai ce ya yi ɓarna. Rubutun farko haka yake, ba wanda zai gan shi sai kai.

Ga yadda za ka yi. Zaɓi lokaci ɗaya da ka san naka ne, ga mutane da yawa bayan asuba ne kafin gida ya tashi, wasu kuma bayan isha'i in yara sun kwanta. Sa waya a yanayin jirgi, saita agogo minti 20. Doka ɗaya ce, ba gogewa ba komawa baya. In ka rasa sunan mutum ka sa "wane" ka wuce, in ka rasa kalma ka sa ɗigo uku ka wuce, in ka ji abin da kake rubutawa shirme ne ka rubuta "wannan shirme ne amma dai" ka ci gaba. In agogo ya buga ka tsaya ko da kana tsakiyar jimla, hasali ma ya fi kyau ka tsaya a inda ka san abin da zai biyo baya, gobe ba sai ka yi ta zuru kana neman bakin zare ba.

A minti 20 mutum zai iya kalma 300 ba tare da wahala ba. Yi lissafi da kanka: 300 sau kwana biyar a mako 1,500 ke nan, a mako 26 wato wata shida ka tara 39,000. Wannan littafi ne. Kuma na ce kwana biyar da gangan, don akwai biki, akwai rasuwa, akwai zazzaɓi, akwai ranar da kawai ba ka da ƙarfi. In ka tsallake rana kar ka ce za ka rama 600 gobe, ramuwar nan ce take sa mutane su gudu gaba ɗaya, ka yi 300 ɗinka kawai kamar ba abin da ya faru.

Mataki na shida: ka gama ƙaramin abu kafin babba

Kowa so yake ya fara da littafi mai "kashi na ɗaya zuwa na huɗu". A'a, ajiye shi tukuna, ba guduwa zai yi ba. Fara da gajeren labari na kalma 1,000 zuwa 1,500, mutum biyu ko uku, wuri ɗaya, matsala ɗaya. Misali yarinya ta ɓatar da kuɗin adashin mahaifiyarta kuma yau ne ranar kwasa. Ko direban da ya taso daga Gombe zuwa Bauchi ya gane fasinjan da ke gidan gaba shi ne mutumin da ya hana shi auren 'yarsa, ga tafiya ta sama da awa biyu a gabansu. Ranar Litinin ka rubuta layi uku, farko da tsakiya da ƙarshe. Talata zuwa Juma'a ka rubuta. Sai ka rufe shi ka bar shi kwana uku ko mako, kar ka leƙa.

In ka dawo sai ka sa hular mai gyara. Karanta shi da ƙarfi, da baki, kamar kana karanta wa wani a rediyo, duk inda harshenka ya sarƙe ko numfashi ya ƙare maka to jimlar ce ke da matsala. Sau da yawa sakin layi na farko gaba ɗaya sharar maƙogwaro ne, "wata rana da safe rana ta fito tsuntsaye na kuka", yanke shi ka fara daga inda rigima ta fara. Bi na biyu na ƙa'idar rubutu ne. Bi na uku na jinsi. Daga nan ka rubuta kwanan wata a ƙasa ka sa shi a wata folda da za ka kira "Na gama". Foldar nan ita ce shaidar da na ce, kuma ba a sa abin da ba a gama ba a ciki ko da ya kai shafi ɗari.

Mataki na bakwai: wa zai fara gani

A nan mutane da yawa suke kashe kansu. Ka gama labarinka na farko cikin zumuɗi sai ka watsa shi a guruf mai mutum 300, ko dai a yi shiru, ko wani ya ce "hmm", ka kwana ba barci. Ko kuma ka ba mahaifiyarka ko masoyiyarka ta ce "wallahi ya yi daɗi", ka ji sanyi amma ba ka ƙaru da komai ba. Nemi mutum biyu kacal masu karatu sosai, waɗanda ba sa jin kunyarka kuma ba sa jin haushinka. Kar ka tambaye su "ya yi kyau?" don amsar a ko a'a ce kuma duk biyun ba su da amfani. Ka tambaye su abu uku: a ina ka fara gajiya, a ina ka rikice, wane wuri ne ya tsaya maka a rai bayan ka gama. In suna magana ka yi shiru ka rubuta, kar ka kare kanka, in sai ka yi bayani kafin a gane to a takardar ne bayanin ya kamata ya kasance.

In mutum biyu sun nuna wuri ɗaya, gyara shi. In ɗaya ne kawai, ka duba, ƙila ra'ayinsa ne. Wanda kuma ya bar rubutun ya koma kanka, "kai wa ya ce maka ka iya", wannan ba gyara ba ne, kar ka sake ba shi. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya wato ANA tana da rassa a jihohi, ka nemi na kusa da kai ka je zaman karatu ko da sauraro ne kawai da farko, ganin yadda ake yi wa wanda ya fi ka gyara kuma bai mutu ba yana rage tsoro sosai.

Mataki na takwas: "me mutane za su ce"

Wannan ba zan raina shi ba, don ba a kai kaɗai yake ba, a waje ma yana nan. Garuruwanmu kowa ya san kowa. Mace ta rubuta labarin kishi sai a ce da kishiyarta take, ta rubuta na saki a ce asirin gidanta ta tona, budurwa ta rubuta soyayya a ce ina ta san wannan. Namiji kuma a ce ya rasa aikin yi. To akwai dabaru. Na ɗaya, sunan alƙalami halal ɗinki ne, marubuta da yawa da shi suka fara, in ƙafa ta kafu sai ki bayyana in kin ga dama. Na biyu, in daga rayuwar gaske kika ɗauko labari ki canja aƙalla abu uku, gari da sana'a da yawan 'ya'ya ko shekaru, kuma ki haɗa halin mutum biyu ko uku a jikin mutum ɗaya, wannan kariya ce gare ki kuma kariya ce ga mutuncin waɗanda ba su ce a rubuta su ba. Na uku, in kina da aure ko kina gaban iyaye, gara su ji daga bakinki da su ji a bakin 'yan gulma, ki zaɓi labari mai tsafta ki ba Abban yara ko Baba ya karanta da kansa, sau da yawa abin da suke tsoro batsar da suke jin ana yi a wasu gurufuka ce, in suka ga naki hankalinsu kan kwanta. In kuma shakkar ta addini ce, a tambayi malamin da aka yarda da iliminsa a faɗa masa takamaiman abin da ake rubutawa, ya fi a zauna da waswasi.

Mai cewa karatunta bai yi nisa ba kuma, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya, ga shi ta zama cikin fitattun marubutan Hausa har an fassara littafinta zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Masu cewa sun tsufa ba zan ma ɓata lokaci ba, wanda ya kai hamsin ya ga abin da ɗan ashirin sai dai ya ƙaga.

Mataki na tara: ka fitar, kuma ka san me za ka ƙirga

Bayan labari uku ko huɗu sun shiga folda, fitar da wanda ya fi. Facebook ne, Wattpad ne, wato manhajar sakin labarai da karanta su, guruf ɗin marubuta na WhatsApp ne, ko gasa. Gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ake yinta kuma mata da yawa ta nan aka fara jin sunansu, a duba ƙa'idojin shekarar da kyau kafin a tura, musamman adadin kalmomi da shekarun masu shiga, don labari mai kyau yana faɗuwa saboda karya ƙa'ida tun kafin alƙalai su gan shi.

Sai dai ka shirya, ƙila fostin ɗinka na farko mutum bakwai ne za su danna masa laik, wani kuma ya sa hoton shayi ya samu 500. Kar ka auna kanka da wannan. Ka ƙirga abin da ke hannunka, labari nawa na gama, nawa na tura. In gasa ta wuce ba sunanka, a gasar da ɗaruruwa suka shiga aka ɗauki uku rashin cinka bai ce komai a kan iyawarka ba, ka ba kanka kwana biyu ka ji haushi, halal ne, rana ta uku ka karanta waɗanda suka ci da idon ɗalibi, ta ina suka fara, ta yaya suka rufe, sannan ka tura naka wani wurin.

Akwai kuma masu ɓoye rubutu don tsoron sata. Satar tana faruwa, ana kwashe littafin mutum a cire sunansa a riƙa sayarwa a gurufuka, ko a karanta a YouTube ba izini. Amma a dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da zarar ka rubuta abinka ya zama naka, ba sai ka yi rajista ba, rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ƙarin hujja ce kawai. Imel ɗin nan da kake tura wa kanka duk mako yana ɗauke da kwanan wata, ka ajiye shi. Sa sunanka a farko da tsakiya da ƙarshen kowane kashi, kuma in littafi ne dogo da kake son sayarwa kar ka saki duka kyauta, saki kashi kaɗan.

Mataki na goma: in muryar ta dawo

Za ta dawo, kar ma ka yi tunanin an rabu. Sai dai takan canja kaya. Da tana cewa ba ka iya ba, yanzu za ta ce wancan sa'a ce ka yi, ko ta nuna maka wata da kuka fara tare ga shi har an yi fim da labarinta. Ta fi zuwa a tsakiyar dogon aiki, wajen kashi ɗaya cikin uku, lokacin da zumuɗin farko ya ƙare ƙarshe kuma ba a hango shi ba, sai wani sabon labari ya fara yi maka ƙyalli a kai kana jin ai wannan ne ma na gaske. Rubuta sabon a layi biyu a bayan littafi ka rufe, ka koma kan na hannu. In ka kafe ƙam, tsallake wurin ka rubuta babin da kake ɗokin rubutawa ko da na ƙarshe ne, daga baya ka gina gada tsakaninsu.

Ranar da abin ya yi tsanani ka buɗe folda ka karanta labarinka na farko da na baya-bayan nan a jere. In na farkon ya ba ka kunya to idonka ya buɗe ke nan, da can ai ba ka ga aibinsa ba. Sai ka ɗauko takardar nan ta layi goma ka soke waɗanda suka mutu, waɗanda suka rage ka sake tambayar kowanne me zan yi masa ranar Asabar.

In kuma dogon littafin ya kammala kana son ganinsa a takarda, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma kafin ka kai wa mai ɗab'i ka biya wani wanda ya san ƙa'ida ya bi maka shi layi-layi, kuɗin gyara ya fi kuɗin bango mai ƙyalli muhimmanci. Ka tambayi farashi a wuri uku, ka nemi a fitar maka da kwafi ɗaya na gwaji ka duba ko ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ sun fito daidai, don wasu injinan sukan mayar da su akwati-akwati. Kuma ka fara da kwafi kaɗan, 100 ko 200, in sun ƙare a sake bugawa.